Agogo Ya Shigo Gidan Dambe

Bayan sallar isha'i, a bakin wani shagon cajin waya a Kwanyawa, na tarar da samari shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Dambe suke kallo. Bidiyon bai cika minti ɗaya ba: 'yan dambe biyu sun ja daga, na hagu ya kai hannu, na dama ya zube, jama'a suka ɓarke da ihu, shi ke nan. Aka mayar da shi baya sau huɗu. Can gefe, kusa da tukuba, akwai wani dattijo mahauci yana juya tsire. Ɗaya daga cikin samarin ya kai masa wayar.

"Baba, duba wannan kisa."

Dattijon ya goge hannu a jikin riga, ya karɓa, ya kalla har ƙarshe. Sai ya ce, "Wa ya yi masa kiɗa?"

"Ai ba a sa wajen kiɗan ba, Baba. Kisan kawai aka yanko."

Ya miƙa masa wayarsa. "To ai faɗuwa kuka gani, yaro. Damben yana can inda aka yanke."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai, domin ta taɓa abin da ke faruwa da dambe a yau. Wasan yana samun kuɗi da suna irin waɗanda bai taɓa samu ba, amma yana sauya kama a hannun waɗanda suka zuba masa jari.

Asalin dambe gadon mahauta ne. Da kaka, in an kai amfanin gona gida, rumbu ya cika, aljihu ya yi nauyi, ana ta ɗaurin aure, sai rundawa su shiga yawo gari-gari suna yanka, da la'asar kuma a share fili. Hannu ɗaya ake naɗewa da tsumma da zare har ya yi tauri kamar dutse, ɗayan a miƙa shi gaba a buɗe ya zama garkuwa. Turmi uku ake yi, babu mai duba agogo. Da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa. In turmi uku suka ƙare kowa na tsaye, sai a raba su, a ce babu kisa, kowa ya koma ɓangarensa da mutuncinsa.

Amma duk wanda ya taɓa zama a fili ya san naushin shi ne mafi gajarta a cikin lamarin. Kafin a kai nan, kalangu ya daɗe yana magana. Makaɗi zai saki taken wani, ka ga mutumin da ke zaune shiru jikinsa ya ɗauki tsuma, ya miƙe yana rawar jiki, layu da guraye na kaɗawa, ya fito tsakiyar fili yana kirari, yana kiran ubangidansa da garinsu da waɗanda ya kashe. Sai ya zagaya, ya tsaya a gaban wanda ransa ke so, ya miƙa masa hannu. Wancan yana iya tashi, yana iya kawar da kai, kuma kawar da kan nan labari ne da za a kwana ana yi. Mai kallo ba ɗan kallo ba ne kawai. Shi ke zuga, shi ke liƙi a goshin gwaninsa da na makaɗi, ihunsa ke sa matsoraci ya ji kunyar zama. Yana kuma da ɓangare, ko Kudu, ko Arewa, ko Guramaɗa, yana riƙe da shi kamar yadda Bakano ke riƙe da Kano Pillars. Dubban mutanen da suka san sunan Shago da Ɗandunawa ba su taɓa ganin ɗayansu ya ɗaga hannu ba. A bakin Ɗan Anace suka san su, ta rediyo da kaset. Makaɗin shi ne ma'ajiyar tarihin wasan.

Sauyi bai faro jiya ba. Tun da daɗewa dambe ya bar jiran kaka, ya tare a birni, a gidajen da ake sayen tikiti a shiga rani da damina, irin na Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano da na Ali Zuma a Dei-Dei, Abuja. Aka shiga sa gasar babur da ta mota. Waya ce ta zo ta buɗe ƙofar da ta fi kowace girma. A 2017 aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, bidiyonta suka samu miliyoyin masu kallo, da yawansu a ƙasashen da ba a taɓa jin kalangu ba. A 2019 Maxwell Kalu ya kafa kamfanin African Warriors Fighting Championship, a 2023 aka ƙaddamar da gasar Dambe Warriors League, a 2025 kuma tashar wasanni ta DAZN ta fara nuna dambe ga duniya. Tare da kyamara sai ga sikeli, ana raba 'yan wasa gwargwadon nauyi. Sai ga agogo yana yanke turmi, ga alƙalai masu ba da maki don a samu gwani ko ba a yi kisa ba, ga likita a bakin fili, ga takardar yarjejeniya da ɗan dambe zai sa wa hannu.

Da yawa daga cikin waɗannan ina goyon bayansu ba tare da wata inda-inda ba. Na ga tsohon ɗan dambe da rabin haƙoransa babu, muƙamuƙi a karkace, magana tana sarƙe masa, ba shi da gona ba shi da jari, alhali a zamaninsa gari guda ke tashi don a gan shi. Na ga yaro ɗan shekara goma sha wani abu an tura shi gaban ƙato saboda ihun jama'a. Wanda ya ga irin wannan ba zai yi faɗa da sikeli ko likita ba. Haka nan duba naɗin hannu don kada a cusa wani abu a cikin zare. In ɗan dambe zai san ladansa tun kafin ya shiga fili, maimakon ya dogara da abin da aka liƙa masa, wannan ci gaba ne da ya kamata a ce an yi shi tun tuni.

Agogon ne ke sa ni tsayawa, kuma a nan labarin wani wasa na Amurka yake da amfani. Besbol wasa ne da mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya ruga yana zagaya sansani huɗu. Shekara fiye da ɗari Amurkawa na alfahari da cewa wasansu ba shi da agogo, sai an gama ake tashi. Sannu a hankali wasa ya yi ta tsawo, mai jifa yana ɓata lokaci, mai duka yana gyara safar hannu, matasa suka fara gundura. A 2023 babbar gasar ƙasar, mai ƙungiyoyi 30, ta kafa agogo: a shekarar, mai jifa yana da daƙiƙa 15 ya saki ƙwallo in babu abokin hamayya a sansani, 20 in akwai. Wasan da ke cin sa'a 3 da minti 4 a 2022 ya dawo kusan sa'a 2 da minti 40. Masu ra'ayin gargajiya sun yi ta ƙorafi, amma a shekarar mutanen da suka shiga filaye sun haura miliyan 70, adadin da rabon a gan shi tun 2017.

Mai shirya dambe zai iya karanta wannan ya ce ga hujja. Ni kuwa ina ganin akwai bambanci babba. Abin da aka yanke a besbol lokaci ne da babu abin da ke faruwa a cikinsa, mutum na tsaye yana sosa ƙeya. Lokacin da ke gaban naushi a dambe cike yake maƙil. A cikinsa take yake, da kirari, da neman abokin karawa, da liƙi, wato duk rabon mai kallo da na makaɗi. In an riga an rubuta wa zai kara da wa tun mako biyu baya, miƙa hannun nan ya tafi. In tashar talabijin ta sayi sa'a biyu cif, wanda za a fara cewa ya taƙaita shi ne mai kalangu. Ko "babu kisa" da maki ke neman shafewa tana da aikinta: tana barin magana a buɗe, a yi ta musu a majalisa har ranar da za a sake haɗuwa.

Akwai wani darasin daga can wanda ya fi kusa da mu. Ƙungiyar besbol ta Athletics ta zauna a birnin Oakland tun 1968. A ƙarshen kakar 2024 masu ita suka tattara suka bar garin da niyyar komawa Las Vegas, inda suke hangen kuɗi ya fi. Magoya bayan da suka gaji ƙungiyar daga iyayensu sun yi zanga-zanga, ba ta hana komai ba. Ƙauyukanmu sun san wannan ciwo ba tare da an yi shela ba. Yaron da hannunsa ya yi nauyi a ƙasar Karaye ko Rogo ba zai jira kaka ba, mota zai hau zuwa Kano ko Abuja ko Legas, kuma ba wanda zai ga laifinsa, can abincin yake. Sai ya zama garin da ya haife shi, wanda ya ga turminsa na farko a kan yashi, sai ya sayi data kafin ya ga kisansa.

Caca ma ta biyo sawu. Kamfanonin caca na intanet sun fara ɗaukar nauyin wasan, sunayensu na fitowa a jikin allunan fili. Wannan ya kamata ya dami iyaye da malamai da masu shirya gasar kansu. Wanda ya yi liƙi ya ba da kuɗinsa ne don ƙauna, ya tafi gida da farin ciki. Wanda ya zuba kuɗin caca yana kallon ɗan dambe ne da idon riba, kuma duk inda irin wannan kuɗi ya taru, zargin sayar da wasa ba ya nisa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya da kokawa. Tun 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa, ana zagayawa da ita jiha-jiha, akwai agogo da alƙalai da talabijin, amma makaɗa da masu kirari suna nan a tsakiyar fili, kuma kowace jiha tana tankaɗe 'yan kokawarta tun daga ƙasa kafin ta tura su. Dambe zai iya ɗaukar wannan. Masarautar Karaye da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo suna da ikon ware mako guda bayan girbi, a kira ɗaya daga cikin kamfanonin nan ya zo da sikelinsa da likitansa da kyamararsa, a yi zagayen share fage a nan, a kan yashi, da sharaɗin agogo ba zai fara ƙirga ba sai makaɗi ya sauke kalangu.

Da zan bar shagon, samarin sun koma kan wani bidiyon. Dattijon kuwa yana ba wani yaro labarin wata kaka da 'yan dambe suka sauka a yankin, aka kwana uku ana kiɗa kafin manyan biyu su yarda su haɗu. Ya faɗi sunan makaɗin, da wanda ya fara miƙa hannu, da wanda ya yi liƙin da aka daɗe ana zance. Sai da yaron ya tambaya sannan ya tuna ya faɗi wanda ya yi kisa.