Ƙofofi Huɗu: Yadda Bairus ɗin Ciwon Hanta Nau'in C Ke Shiga Ƙwayar Hanta

A cikin shekarun 1970, wani likita a ƙasar Amurka mai suna Harvey Alter ya lura cewa wasu majiyyatan da aka yi wa ƙarin jini suna kamuwa da ciwon hanta, alhali gwaji ya nuna ba nau'in A ba ne, ba kuma nau'in B ba. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano bairus ɗin da ke haddasa shi, aka raɗa masa suna nau'in C. Su biyun, tare da Charles Rice, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2020. To, amma gane ɓarawo daban, sanin ta inda yake shiga gida kuma daban. Wannan tambaya ta biyu ta ci wa masana wasu shekaru ashirin.

Shi dai bairus ba ya iya hayayyafa da kansa. Dole ne ya kutsa cikin ƙwayar halitta, watau ɗaya daga cikin 'yan mitsi-mitsin ɗakunan da aka gina jiki da su, ya ƙwace kayan aikinta. Nau'in C ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, don sai an jera fiye da 10,000 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. A cikinsa akwai zaren RNA mai ɗauke da umarnin yadda za a ƙera shi, a bayansa kuwa akwai rigar maiƙo da aka kafe da furotin iri biyu, E1 da E2. Waɗannan su ne makullansa.

Dabararsa ta farko ita ce ɓad da kama. Aikin hanta ne ta riƙa tura ƙullin kitse cikin jini, tana kuma karɓar wanda ya dawo. Bairus ɗin yakan lulluɓe kansa da irin wannan kitse, ya yi tafiya cikin jini tamkar kura da fatar akuya. Idan ya iso hanta, sai ya tarar da hanya a buɗe, domin bangon ƙananan jijiyoyin jininta cike yake da 'yan ramuka. Ta nan yake zurarewa, ya manne a jikin ƙwayar hanta, ita kuwa ta karɓe shi a zaton kayanta ne suka dawo.

Daga nan sai batun ƙofofi, waɗanda furotin ne a fatar ƙwayar. Ta farko ita ce SR-B1, wadda aikinta na asali shi ne shigar da kitsen kolestarol. An gano hannunta a 2002. Haɗuwa da ita kan yaye wani sashe na E2 da ke ɓoye, har ya samu damar kama ƙofa ta biyu, CD81. Wannan ita aka fara ganowa, tun a 1998, amma ba da daɗewa ba aka fahimci ba ta wadatar ba, don kusan kowace ƙwaya ta jiki tana da ita, bairus ɗin kuwa hanta yake nema.

Abin mamaki shi ne, bayan ya kama CD81 ba nan take yake shiga ba. Sai ta ɗauke shi ta silale da shi a kan fatar ƙwayar, zuwa inda ƙwayoyin hanta biyu suka haɗu suka liƙe da juna kamar tubali da siminti, don kada ruwan maɗaciya ya tsiyaya cikin jini. A wannan mahaɗa ne sauran ƙofofin biyu suke: Claudin-1, da aka gano a 2007, da Occludin, a 2009. In babu ɗaya daga cikin huɗun, shiga ta faskara. Wannan ne ma ya bayyana dalilin da ya sa ɓera ba ya kamuwa: CD81 da Occludin nasa sun sha bamban da na ɗan Adam, amma da masana suka dasa na mutum a ƙwayar ɓera, sai bairus ɗin ya shige.

Sa'an nan fatar ƙwayar ta lotsa, ta haɗiye shi cikin wata 'yar jaka. Ruwan jakar yakan ƙara tsami a hankali, tsamin nan kuma shi ke sa rigar bairus ɗin ta narke ta haɗe da bangon jakar, zaren RNA ya zube cikin ƙwayar. Ita kuwa sai ta karanta umarnin kamar nata ne, ta ƙera dogon furotin guda, a yayyanka shi gida goma, a shiga buga sababbin bairus. A jikin mai ɗauke da cutar, sukan kai tiriliyan guda a yini.

Na'urar da ke kwafar zaren tana yawan kuskure, saboda haka kamannin E2 kullum cikin sauyawa suke. Kafin garkuwar jiki ta gane wannan fuska, wata ta fito. Bugu da ƙari, bairus ɗin na iya tsallakawa daga ƙwaya zuwa maƙwabciyarta ba tare da ya leƙo cikin jini ba. Shi ya sa har yau babu allurar rigakafinsa, alhali nau'in B yana da ita. Cikin mutum goma da suka kamu, kimanin uku ne jikinsu ke korar sa. Sauran sukan zauna da shi shekara ashirin ko talatin ba alama, hanta na ta yin tabo, wani lokaci har ta kai ga sankara. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta masu ɗauke da shi sun kai miliyan 50.

Duk wannan dabara ba ta da amfani gare shi sai ya samu shiga jini, kuma yawanci mutum ne ke buɗe masa: jinin da ba a gwada ba, allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, askar wanzami ko rezar da ba a canja ba. Ƙasar Masar ta ɗanɗana wannan, inda alluran maganin tsargiya da aka yi wa jama'a tsakanin shekarun 1950 da 1980 suka baza cutar cikin ƙauyuka. Magungunan da suka fara fitowa daga 2013, irin su sofosbuvir, ba ƙofofin suke tsarewa ba, na'urar kwafar suke gurguntawa. Sukan warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 a makonni 8 zuwa 12, amma sai wanda gwajin jini ya nuna yana ɗauke da bairus ɗin ne zai san yana bukatarsu.