Hare-haren Kano na 2012 da Hukuncin Neman Taimakon Ƙasashen Waje

A yammacin Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, mayaƙan ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram suka auka wa cibiyoyin tsaro na Kano a lokaci guda. Daga cikinsu akwai hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, da ofishin Shiyya ta Ɗaya, da ofishin fasfo na Farm Centre da ke Tarauni. Aƙalla mutum 185 suka rasa rayukansu, mafi yawansu farar hula.

Abin da ya biyo baya ya sauya rayuwar birnin. An kafa dokar hana fita ba dare ba rana, aka kuma girke shingayen bincike a manyan hanyoyi, har da Titin Zariya da ya ratsa Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku. Bayan farmakin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a Janairun 2013, gwamnati ta haramta sana'ar acaɓa, dubban magidanta suka rasa hanyar cin abinci.

Taimakon waje kuwa ya zo ne a hankali. Birtaniya ta haramta ƙungiyar a Yulin 2013, Amurka ta sanya ta cikin jerin ƙungiyoyin ta'addanci a Nuwamban shekarar, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba mata takunkumi a Mayun 2014. A 2015 aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Cadi mai hedikwata a N'Djamena. Sai dai taimakon yakan zo da sharaɗi: a 2014 Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, tana mai kafa hujja da take haƙƙin bil'adama, sai a 2021 jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano suka iso.

A fiƙihu, kisan bayin Allah da razana masu bin hanya sun shiga babin hiraba, wanda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta fayyace hukuncinsa. Inda malamai suka saɓa shi ne isti'ana, wato neman taimakon wanda ba Musulmi ba. Masu hani sun dogara da hadisin Nana A'isha (RA) a Sahihu Muslim, inda Annabi (SAW) ya mayar da wani mushiriki a kan hanyar Badar. Masu halattawa sun kawo aron sulkuna da ya yi daga Safwan bin Umayya gabanin Hunaini, alhali Safwan bai musulunta ba. Malikiyya sun hana a fagen fama, suka yarda a hidima. Shafi'iyya sun gindaya buƙata da aminci. Hanafiyya kuma sun sharɗanta cewa ragamar al'amari ta kasance a hannun Musulmi.

Bisa wannan, makamai da horo da bayanan sirri sun fi kusa da abin da aka halatta, muddin ba su zama ƙofar sarayar da 'yancin ƙasa ko zaluntar marar laifi ba. Amma ba jirgin yaƙi ne zai ciyar da marayu ko ya warware shubuhar kafirta Musulmi ba. Wannan nauyi ne na hukuma da malamai da mawadatan unguwa. Allah ne Mafi sani.