Kafin ki ɗora jan adas a tukunya mai usur

Shekarar da na raka mahaifiyata jinya birnin Delhi, ɗakin da muka kama haya yana da wani ɗan kicin da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Abin da muka tarar a ciki shi ne murhun gas mai kai ɗaya da wata tukunyar alminiyom mai dogon mariƙi, wadda kallo ɗaya za ki yi mata ki san ta ga jiya ta ga yau. Da hantsi ya dubi ludayi sai unguwar ta ɗauki fito, wannan gida ya yi, na gefe ya amsa, kamar zakaru da asuba. Tukwanen matsi ne, waɗanda a kasuwanninmu ake kira firesha kuka, kuma galibin abin da ke cikinsu a wannan lokaci dal ne, wato miyar adas da danginsa.

A kwana na huɗu muka yi baƙi, wasu 'yan uwanmu masu jinya a asibiti ɗaya da mu. Na auna jan adas kofi uku, na zuba ruwa har ya kusa wuyan tukunya, na rufe, na ƙure wuta. Usur na farko ya fito da wata irin shaƙaƙƙiyar murya, kamar mai mura. Ban kula ba. Da na ga rana ta yi, sai na kashe wuta na sa bakin cokali na ɗaga ɗan ƙarfen da ke kan murfin don tururi ya fice in buɗe. Abin da ya fito ba tururi ba ne. Miya ce rawaya ta yi tsiri ta bugi silin, ta dawo mini a wuyan hannu. Daga kan gado Inna ta ɗago kai ta ce, "Ke 'yar nan, jinya muka zo ko ƙarin majinyaci?"

Matar gidan, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Anti, ita ta sauko da ta ji ihuna. Ta kai hannuna ƙarƙashin famfo ta ce kada in motsa. Bayan tukunyar ta huce ta cire murfin, ta zare ɗan ƙarfen, ta ɗaga murfin saitin taga ta ce in leƙa ta cikin bututun. Ban ga haske ba. Ta sa tsinke ta zaƙulo wani dunƙulen dal da ya daskare a ciki, bai kai ƙwayar gero uku ba. Sannan ta aza yatsa a jikin tukunyar, can ƙasa da rabi, ta ce, "Beti," wato 'yata, "dal nan yake tsayawa."

Adas ba baƙo ba ne ga mai karatun Alƙur'ani, domin an ambace shi a aya ta 61 ta Suratul Baƙara cikin abincin da Banu Isra'ila suka roƙa. Wanda ya zauna a Sudan ko ya yi azumi a Makka ya san miyarsa ta buɗa-baki. A Indiya da Pakistan da Bangladesh da Nepal, jan da aka ɓare aka raba biyu shi ake kira masur dal, kuma cimar yau da kullum ce, ana ci da shinkafa ko gurasar capati. Indiya na noma shi da yawa amma ba ya isarta, har sai ta sayo daga Kanada, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shi, musamman daga lardin Saskacewan. A busasshe launinsa ja ne mai ruwan lemo. Da ya ji wuta sai ya koma rawaya ya narke.

To, wannan narkewar ita ce matsalar. Mun saba ɗauka cewa abu mai tauri, irin ƙafar saniya ko ganda, shi ke wahalar da tukunya. A tukunyar matsi akasin haka ne. Ganda tana kwance a ƙasa abinta. Jan adas kuwa ba shi da ɓawon da zai riƙe shi, da zarar ruwa ya tafasa sai garinsa ya saki, kumfa ta taso mai kauri, ta ɗauko ɓarɓashinsa ta yi sama da shi. A buɗaɗɗiyar tukunya iyaka ya zube a kan murhu ki yi tsaki. A rufaffiya kuwa, hanyar da kumfar za ta bi guda ɗaya ce, wato ɗan siririn bututun da tururi ke fita. Shi ya sa wasu masu ƙera irin waɗannan tukwane a Amurka suke rubutawa ƙarara a littafin umarni cewa kada a dafa fasasshen wake mai kumfa a ciki sam. Indiyawa ba za su iya bin wannan ba, don dal ne rayuwarsu, sai suka koyi zama da shi bisa ƙa'ida.

Yana da kyau a san abin da ke faruwa a cikin tukunyar. A fili, ruwa na tafasa ne a digiri 100, kuma ko itacen duniya kika tura ba zai wuce haka ba, sai dai ya ƙone. Idan aka kulle tururin aka hana shi fita, matsi na taruwa, ruwan ya haura zuwa kusan digiri 120 kafin ya tafasa. Wannan ƙarin zafin ne ke nunar da abinci cikin ɗan lokaci. Ɗan ƙarfen da ke kan bututun nauyinsa aunanne ne: idan matsi ya kai iyaka sai ya ɗaga shi, tururi ya fita da ƙara, ya koma ya zauna. Wannan ƙarar Indiyawa ke kira siti, kuma da ita suke auna girki, ki ji ana cewa dal siti uku, nama siti shida. Denis Papin, Bafaranshen da ya ƙirƙiro kakar waɗannan tukwane a Landan a 1679, shi da kansa ya ƙara mata bawul na rage matsi. Maƙerin ma bai yarda da ita haka kawai ba.

Idan kika ɗage ƙarfen nan alhali ruwa na kan digiri 120, matsi zai faɗi lokaci guda, sai duk abin da ke ciki ya tafasa gaba ɗaya, daga ƙasa har sama. Ruwa idan ya zama tururi girmansa na ninkuwa fiye da sau 1,600. Miyar mai kauri ce, ba ta barin kumfar ta fashe, sai dai ta tafi da ita. Abin da ya same ni ke nan.

Saboda haka awo shi ne farko. Sauran abinci ana iya kai shi kashi biyu cikin uku na tukunya, shinkafa rabi, amma dal da ruwansa a haɗe kada su wuce kashi ɗaya cikin uku. Tukunya mai lita 3 kofi ɗaya na adas da kofi uku na ruwa ya ishe ta. Baƙi sun yi yawa? Ki dafa sau biyu, ko ki dafa shi da kauri ki sirka da ruwan zafi daga baya. Kafin nan ki tsince tsakuwa, ki wanke sau uku ko huɗu har ruwan ya daina fitowa fari kamar tsarin shinkafa, domin wannan farin garin yana cikin abin da ke kumfa. Ki zuba ƙaramin cokali na mai, yana kwantar da ita. Anti takan bar tukunyar a buɗe ta tafasa tukuna, ta kwashe kumfar farko da ludayi, sannan ta rufe. Minti biyu ne, ban ga dalilin ƙin yi ba.

Hannunmu ya saba da kanwa, duk inda muka ga dangin wake sai mu miƙa. A nan ki janye. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a tukunyar wake ta ga yadda take bori nan take. Jan adas ba ya buƙatarta, ko a tukunyar gargajiya minti 20 ya ishe shi.

Sai duba murfi, kowane girki, ba sau ɗaya a wata ba. Ki ɗaga shi ga haske ki leƙa bututun. Ki murza robar da ke zagaye da bakin; in ta bushe, ta tsage ko ta saki, a sauya ta. Akwai kuma wani ɗan bawul a gefen murfin, wanda a tukwanen Indiya da yawa aka cika tsakiyarsa da ƙarfe mai saurin narkewa. Aikinsa shi ne idan bututu ya toshe ko ruwa ya ƙone, ya narke ya buɗe wa tururi hanya kafin murfi ya tashi. Idan ya narke, ya yi aikinsa ne, a sayi sabo irin na tukunyar. Na taɓa ganin wadda mai gyara ya ɗaure mata wurin da noti, wai don ta daina yoyo. Wannan ba gyara ba ne, an rufe ƙofar gudu ne an bar mutane a ɗaki.

Ki sa adas da ruwa da rabin ƙaramin cokali na kurkum, da ɗan citta in kina so, da gishiri. Wuta matsakaiciya, kada harshenta ya hau gefen tukunya, abin da ya sa murhun itace bai dace da ita ba, ga shi yana narkar da mariƙi. Usur biyu zuwa uku sun isa. Kada ki tafi ɗaki ki kama waya. Kunnenki ne ma'auninki: in kika ji muryar usur ta shaƙe, ko ruwan rawaya na tsartuwa ta gefen ƙarfen, ko kuma tukunya ta daɗe a wuta shiru ba fito ba yoyo, ki kashe wutar, ki fitar da yara, ki ba ta wuri. Shirun nan ya fi ƙarar hatsari.

Bayan kin kashe, ki bar ta ta huce da kanta, minti 10 zuwa 15. Lokacin ba asara ba ne, dal ɗin na ci gaba da nuna. In ta yi shiru, ki ɗan taɓa ƙarfen da cokali daga nesa. In babu huci, ki cire shi, sannan ki buɗe murfin ta yadda bayansa zai kare fuskarki. Murfin da ya ƙi juyawa yana gaya miki akwai sauran matsi ne, kada ki sa ƙarfi, kada ki kira maigida ya gwada nasa. Masu tukunyar lantarki ma dokar ɗaya ce: maɓallin sakin tururi da sauri ba na dal ba ne, kuma ɗaukewar wuta ba ta nufin matsin ya tafi. Ɗalibanmu maza da ke karatu a Indiya, masu girki a ɗakin kwana da tukunyar aro, har da ku nake.

Lokacin jiran nan ake haɗa abin da ke ba dal daɗinsa, wato tarka. A ɗan kasko daban ake narka man shanu, irin soyayyen da suke kira gi, a jefa ƙwayoyin da suke kira jira, Larabawa kuma kamun (ba habbatus sauda ba ce, mutane na yawan haɗa su). Da sun fara tsalle sai tafarnuwa yankakkiya, albasa, busasshen barkono, tumatir in ana so. Sai a juye shi da zafinsa a kan dafaffen adas, ya yi "cuu", ƙamshi ya cika gida. Kada a soya wannan a rufe ƙarƙashin matsi, kada kuma a mayar da murfin usur bayan miyar ta yi kauri, kamawa za ta yi. Kurkum kuma ki kula da inda kike sayensa. Binciken da masana na Jami'ar Stanford suka yi da takwarorinsu na Bangladesh, wanda aka wallafa a 2019, ya gano a lokacin a Bangladesh ana shafa wa saiwar kurkum wani sinadarin fenti mai gubar dalma don rawayarsa ta yi ɗau.

In kuma tsautsayi ya gitta, ƙunar dal ta fi ta ruwan zafi muni, saboda yana manne wa fata ya ci gaba da ci. A wanke shi nan take, a bar wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudu na minti 20 cur, ko a riƙa kwarara shi da buta in babu famfo. Ban da ƙanƙara. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, gishiri ko toka, duk suna riƙe zafi ko su jawo ƙwayoyin cuta, kuma sai ma'aikacin asibiti ya kankare su kafin ya ga ciwon. A cire zobe da awarwaro tun hannu bai kumbura ba. Kada a fasa bororo, kada a fizge tufar da ta manne. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi. In ƙunar ta kai faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko ta taɓa fuska, ido, hannu ko gaɓa, ko kuwa yaro ne ko tsoho, a wuce asibiti kai tsaye. Ni dai da yammar nan a sashen gaggawa na asibitin da Inna ke zuwa aka ɗaure mini hannu, ita tana zaune a kan benci tana riƙe da jakata.