Kafin Madubi Ya Gani, Sai Ɗigon Jini Ya Kwanta

Idan damina ta kankama, mai zazzaɓi daga Lafani da ya shiga Illela a gwada masa jini yakan ɗauka madubin likita ne ke yin komai. A ganina, rabin aikin yana ƙarewa ne a hannun mai shimfiɗa jinin a kan gilashi. Idon madubin da ke ƙara girma sau 100, wanda ake ɗiga wa mai, ba ya gani tar sai a kaurin da bai kai maikiromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali faɗin jar ƙwayar jini ya kai 7 zuwa 8. In ƙwayoyin suka hau juna, sai hazo. Shi ya sa ake jan ɗigon da bakin wani gilashi a karkace, har wutsiyar shimfiɗin ta yi siriri, kowace ƙwaya kwance ita kaɗai.

Ɗanyen jini ma haka yake buƙata. A 1880, a asibitin soja na Constantine da ke Aljeriya, Alphonse Laveran ya matse ɗigon jinin majinyaci tsakanin gilasai biyu, babu rini, ya ga ƙwayar maleriya tana kaɗa zarurruka. Da busasshen jini ya duba, da wannan motsin bai bayyana ba. Gwajin sikila ma a kan ƙwaya mai rai ake yi: a rufe ɗigon da siririn gilashi, a toshe gefensa da basilin, iskar oksijin na ƙarewa ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje.

Wani zai ce matsi yana sauya siffar ƙwaya, abin da aka gani ba shi ne ainihinta ba. Akwai ƙamshin gaskiya, domin matsin da ya wuce kima fasa ta yake yi. Maganinsa auna matsin, ba barinsa ba. Tun shekarun 1980 masu bincike a Japan suke lulluɓe ƙwayoyi da siririn mayafin aga, wani abu mai kama da jeli, ya kwantar da su suna raye suna tafiya.

Masu cewa gwajin maleriya na nan-take ya sallami gilashi kuwa sun yi gaggawa. Akasarinsa furotin ɗin HRP2 na ƙwayar cutar yake nema, wanda kan yi makonni a jini bayan an warke, kuma ba ya ƙidaya yawan ƙwayoyin cutar. A Eritiriya, a 2016, an tabbatar da yaɗuwar ƙwayoyin maleriya da ba sa fitar da furotin ɗin sam, har hukumomi suka janye irin wannan gwajin.