Cire haƙori ba shi ne ƙarshen magani ba

Mai ciwon haƙori ba ya da buri sai a cire masa ya huta. Amma sau da yawa cutar ta riga ta wuce haƙorin ta shiga ƙashin muƙamuƙi.

Idan kogo ya ci haƙori har jijiyar cikinsa ta mutu, zafi yakan lafa, mutum ya zaci ya warke, alhali ƙwayoyin cuta sun gangara ƙarshen saiwa. A nan jiki yakan gina wata 'yar jaka mai ruwa, wadda ke girma a hankali tana cin ƙashi ba tare da ciwo ba. Ita ce ta fi yawa cikin ire-iren jakunkunan muƙamuƙi. Akwai kuma wadda ke lulluɓe turmin ƙarshe da ya maƙale bai fito ba. Idan aka fizge haƙori aka bar jakar, sai ta ci gaba da girma, wata rana ƙashi ya yi laushi har ya karye.

Shi ya sa ƙwararren likita yake fara ɗaukar hoton ƙashi. Ƙaramar jaka akan ɓare ta gaba ɗaya a kankare ramin. Babba kuwa, musamman kusa da jijiyar da ke kai ji ga leɓen ƙasa, akan buɗe mata ƙofa ta tsiyaye ta motse tukuna, dabarar da likitan Jamus Carl Partsch ya bayyana a 1892. Abin da aka ciro dole ya je ɗakin gwaji, domin akwai ciwon ƙari na muƙamuƙi da ke kama da jakar a hoto, kuma aikinsa daban ne.

Idan kuma wurin ya tara mugunya, tana rage ƙarfin allurar kashe zafi, amma wannan ba dalili ba ne na zama gida ana haɗiyar kafso daga kemis. Magani ba ya kawar da tushen cutar. Sai an fitar da mugunyar, an cire haƙorin ko an wanke cikinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne masu cire haƙori a kasuwa: ba hoto, ba tsabtar kayan aiki.

Duk wanda kumburi ya sauka masa ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, haɗiya ko numfashi na yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti nan take, musamman mai ciwon suga. Wannan kumburin yana toshe maƙogwaro, yana kisa.