Ta yaya ake gane ƙasar da aka haƙa ta farfaɗo?

Akokan gari ne kusa da Arlit, cikin jihar Agadas. An gina shi ne domin ma'aikatan kamfanin COMINAK, wanda ya fara fitar da ƙarfen yuraniyom daga ramin Akuta a 1978. Ranar 31 ga Maris 2021 aka tsai da haƙa. An bar tulin niƙaƙƙen dutse wajen ton miliyan 20, a kan fili hekta 120. A tsarin da kamfanin ya bayyana lokacin rufewa, za a lulluɓe tulin da yumɓu da duwatsu, kaurin metir 2.

Wannan tuli ba wurin kiwo ba ne. Amma kewaye da kowane ramin ma'adinai akwai filayen da manyan motoci suka tattake, da inda aka kwashe ƙasa. In aka ce an gyara su, makiyayi yana da tambaya: haki ya komo ko bai komo ba?

Ido kaɗai ba ya raba wannan gardama. Mai kamfani zai nuna inda ya yi kore. Mai ƙara zai nuna inda ya yi ƙwal. Shi ya sa masana suke ƙidaya.

Ba a iya ƙidaya hakin fili duka. Ana yin yadda mai sayen gero yake yi: ya ɗiba daga bakin buhu, da tsakiya, da gindi. Ana samun igiya mai tsawon metir 100, a ƙulla ta a kowane metir. A miƙe ta a ƙasa. A kowane ƙulli a saki tsinke. In ya taɓa tsiro, a rubuta. In ya faɗi kan rairayi ko dutse, a rubuta. Inda za a miƙe igiyar kuwa, ba mai awo ke zaɓa ba. Ƙuri'a ake yi, don kada ƙafarsa ta kai shi inuwa.

Sai a tafi wani fili na kusa, mai irin ƙasar, wanda ba a taɓa haƙa ba. A yi masa awo iri ɗaya, cikin mako ɗaya. Shi ne ma'auni. Ga misali: in a can tsinke ya taɓa tsiro sau 10 cikin 100, a filin da aka gyara kuma sau 9, an kusa. In sau 2 ne, da sauran aiki.

A nan ne ƙasar Arlit take da wuya. A yawancin shekaru ruwan samanta ba ya kai milimetir 100. Tsiro yana taruwa a bakin ƙorama da kwari, sauran fili fayau. Igiya ɗaya tana iya ba da 20, ta gefenta ta ba da sifili. In lambobin suka yi nesa da juna haka, igiya uku ko huɗu ba su isa shaida ba. Dole a ƙara, har matsakaicin lissafi ya daina tsalle in an haɗa masa sabuwar igiya. Matsakaici shi ne a tara lambobin duka, a raba da yawan igiyoyi.

Shekara ɗaya ma ba ta isa. Ruwa guda mai kyau yana fito da ciyawa ko'ina, bayan wata biyu ta bushe iska ta kwashe. Abin dubawa shi ne masu rayuwa har rani, kamar afazo da aduwa. Ana rubuta sunan kowane iri, domin fili cike da tumfafiya kore ne, amma ba ya ƙosar da garke.

A Amurka akwai dokar 1977 kan ramukan kwal. Ƙa'idarta ita ce filin da aka gyara ya kai kashi 90 cikin 100 na ma'auni. A yankuna masu ƙarancin ruwa, kamfani yana ɗauke da alhakin filin shekara 10 bayan shuka ta ƙarshe, kafin a mayar masa da sauran kuɗin ajiyarsa.

Akwai abin da igiya ba ta gani. Haki yana iya tsira a ƙasa mai guba. Gubar yuraniyom ba ta da wari, ido ba ya ganinta. Sai da na'ura ake auna ta a ƙasa, da iska, da ruwan rijiya, kuma wannan awo dabam yake da ƙidayar tsiro.