Tafadek: Ruwan Na Kowa Ne, Amma Wurin Yana da Masu Shi

Kowace shekara, in an gama ɗaurin hatsi an zuba a rumbu, tashar motar Tasawa takan cika da ƴan ci-rani. Mutanen Baudeta da na sauran ƙauyukan Tasawa da Mayahi suna cikinsu, wasu sun nufi Kano, wasu Agadas da Arlit. Amma ba duk mai hawa motar arewa ne neman kuɗi ya fito da shi ba. Akwai dattijon da ciwon gwiwa ya hana shi durƙusawa a salla, akwai matar da ƙaiƙayi ya hana ta barci shekara da shekaru. Irin waɗannan sun ji labarin wani ruwa mai zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin duwatsu a ƙasar Abzin, a wani ƙauye da ake kira Tafadek, suka ƙudura sai sun je sun yi wanka da shi.

Tafiyar ba ta kusa ba ce. Daga Tasawa za a bi babbar hanya zuwa Damagaram, daga nan a juya arewa ta Tanut da Adarbisnat har Agadas. Tafadek tana arewacin Agadas da kimanin kilomita 80, a cikin gundumar Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR yake haƙar gawayin ƙasa yana ba da wutar lantarki tun 1981. In an haɗa duka, tafiyar ta wuce kilomita 600, kuma ƙarshenta ba kwalta ba ce, duwatsu ne da yashin ƙorama. Wanda ya isa ba wuni ɗaya zai yi ya juyo ba. Masu neman lafiya kwanaki suke yi, da yawansu a ƙarƙashin itace ko a cikin ƴar rumfar da suka kafa da hannunsu.

Mutane sukan tambayi abin da ke dafa wannan ruwa, tun da ba a ga wuta ba. Amsar tana cikin rijiyar gida. Duk macen da ta taɓa jan guga da asubahin hunturu ta san ruwan rijiya yakan fito da ɗumi, alhali na randa ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Cikin ƙasa yana riƙe zafi, kuma zafin yana ƙaruwa da zurfi: a mafi yawan wurare, duk mita 100 da aka nutsa, ana samun ƙarin kimanin digiri 3. Ruwan saman da ya sauka a kan duwatsun Abzin yana bin tsagar dutse ya gangara can ƙasa, ya ɗauki zafi da gishirin ma'adinai, sa'an nan ya samu wata tsagar ya hauro da sauri tun bai huce ba. Abzin tsohuwar ƙasar aman wuta ce. Duwatsun sun mutu tun da daɗewa, amma tsagogin suna nan. A Tafadek zafin ruwan yana kai digiri 50 ko fiye, wato ya zarce zafin jikin ɗan Adam, wanda yake digiri 37, nesa ba kusa ba. A Hamam Dabag ta Aljeriya ma ruwan kusan tafasa yake yi.

To, me ruwan yake yi wa marar lafiya? Zafi yana sassauta jijiya, yana sa jini ya gudana, yana rage raɗaɗin sanyin ƙashi da ciwon baya, kuma wasu masu ciwon fata sukan ji sauƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya daɗe bai yi barci ba. Sai dai ruwa ba ya mayar da gaɓar da ta riga ta cinye, kuma akwai waɗanda yake yi wa illa. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mace mai ciki, bai kamata su shiga ba sai sun ga likita tun a Tasawa ko Agadas. Mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ta daina jin zafi yana iya ƙonewa bai sani ba. Wanda ya ga tabo a jikinsa, ya tsunkule shi bai ji kome ba, asibiti ya kamata ya nufa, domin alama ce da akan gani a farkon kuturta, kuma maganinta kyauta ne. Ko mai ƙoshin lafiya, kada ya daɗe a ciki. Ƴan mintoci sun isa, ya fito ya huta a inuwa, ya sha ruwa da yawa. Tunanin cewa wanda ya fi jure zafi shi zai fi warkewa, shi ne yake sa mutum ya yanke jiki ya faɗi. Kuma kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya bar ƙwayoyinsa a gida don ya tafi Tafadek.

Babbar matsalar kuwa ba a cikin ruwan take ba, a bakinsa take. Baƙo yakan sauka daga mota, ya duba gabas da yamma bai ga gona ba, bai ga shinge ba, sai ya ce a ransa: nan dajin gwamnati ne, ba mai shi. Rabin maganar gaskiya ne. Dokar tsarin karkara mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993 ta ce albarkatun karkara dukiyar al'umma ce baki ɗaya, kuma dokar ruwa mai lamba 2010-09 ta ranar 1 ga Afrilu 2010 ta sa ruwan ƙasa a cikin dukiyar jama'a da hukuma take riƙo. Saboda haka mutumin Baudeta yana da hakkin zuwa Tafadek kamar yadda mutumin Agadas yake da shi. Amma ita wannan doka ta 1993 ta kuma ba makiyaya fifiko a kan ruwa da ciyawar mazauninsu na asali, inda suke komawa su zauna mafi yawan shekara, kuma dokar kiwo mai lamba 2010-29 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ƙara tabbatar da hakkinsu. Filin da baƙo yake gani fayau, Abzinawan wurin sun san kowane itacen da ke cikinsa, sun san akuyar wa take cin ganyensa.

Wannan ba sabon karatu ba ne ga manomin jihar Maradi. A nan ne aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada a 1984, kuma a gonakin wannan jiha ne aka farfaɗo da dabarar sassabe na zamani, inda manomi yake barin tohon kututture ya girma ya zama itace. Mutumin da zai kai ƙara wurin mai gari don an sassare masa reshen gawo, bai dace a same shi da gatari a gindin kandili ko aduwar wani ba. A Abzin ruwan sama kaɗan ne, itacen da aka sare don dafa shayin kwana uku ya yi shekaru masu yawa kafin ya kai haka. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004 tana aiki a can kamar yadda take aiki a nan, haka ma dokar farauta ta 1998. Abin da ya fi shi ne matafiyi ya zo da gawayinsa ko ƴar tukunyar gas.

Wurin kafa rumfa kuma sai an tambaya. Yashin ƙorama yana da laushi, yana da inuwa, shi ya sa yake ruɗin baƙo. Amma a damina, daga Yuli zuwa Satumba, ana iya yin ruwa a kan duwatsu can nesa, sama tana garau a inda mutum yake kwance, sai ƙorama ta taso cikin dare ta tafi da duk abin da ta tarar. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar Telwa ta watan Satumba 2009 ba, wadda ta rushe gidaje masu yawa a cikin birnin. A hunturu kuwa sanyin dare ne abin tsoro, sai da bargo mai kauri. Bayan gida a yi shi nesa da ruwa, a rufe da ƙasa. Sabulu da wankin tufafi kada su kusanci idon ruwan. Leda, wadda doka mai lamba 2014-63 ta hana, in ta shiga cikin akuya kashe ta take yi. Wanda ya zo da ita ya koma da ita. Kuma a kiyaye tsarin da mutanen wurin suka yi na raba wankan maza da na mata.

A Nijeriya akwai wani ruwan ɗumi, Wikki, a cikin gandun dajin Yankari na jihar Bauci, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962. Zafinsa digiri 31 ne kawai, dare da rana. A can akwai ƙofa, akwai kuɗin shiga, akwai ɗakunan kwana da masu gadi. Tafadek ba gandun daji ba ce mai ƙofa irin wannan, kuma shi ya sa talaka yake iya zuwa da garinsa da tabarmarsa. Amma rashin ƙofa yana nufin tsabtar wurin tana hannun masu zuwa da mazauna. Nan ne ya kamata hukumomin Cirozerin da ma'aikatan lafiya da na gandun daji su ƙara sa ido, musamman kan makewayi da wurin zuba shara.

Sai maganar tsaro. Abzin ta ga tawaye daga 1990 zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, ta sake gani daga 2007 zuwa 2009, lokacin da aka binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. Ƴan fashi ma ba su ƙare ba. Matafiyi ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, ya nemi labarin hanya wurin jandarma a Agadas, ya shiga motar direban da ya saba da wurin, kada ya yi tafiyar dare, kada kuma ya bar sawun da motoci suke bi.

In ya isa, ya fara da gaida mai garin kafin ya sauke kaya. Harshe ba zai zame masa cikas ba, domin Abzinawa da yawa suna jin Hausa. Dangantakar ta daɗe: ayarin Kel Ewe ya yi ɗaruruwan shekaru yana kawo gishirin Bilma da dabino kudu yana komawa da hatsi, kuma tare da irin wannan ayari ne Bature Heinrich Barth ya sauko daga Abzin ya iso Tasawa a watan Janairu 1851. Har yau geron kudu ne ake dakawa a yi fura da cuku da dabino a rumfunan Abzin, don haka tiya biyu ko uku na geron Baudeta sun isa gaisuwa.